Ranar da Aka Sa wa Daneri Sarƙa

Tun da bidiyon nan ya fito ban ƙara shan shayi cikin kwanciyar hankali a Gwandu ba. In na zauna wurin mai shayi sai wani ya miƙo waya ya ce, "Malam Umaru, wai kai na wanga mai sanda?" In na shiga kasuwa yara su bi ni suna kwaikwayon yadda na ɗaga hannu. Abokan majalisa kuwa sun ƙi bari na huta: yaya Kalgo take, me na ci, da gaske 'yan mata sun yi rawa a gabana? Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda na fara ba labarin sai ya kece da dariya tun ban kai rabi ba. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Mai son dariya ya yi abarsa, amma ya karanta har ƙarshe tukuna.

Mu biyu ke noma gonar gidanmu, ni da yayana Bello. Kakanninmu makiyaya ne da suka zauna a bayan gari. Garke ya ƙare sannu a hankali, Fulatancin ma ya bi shi. Abin da ya rage mana shi ne shanun huɗa biyu da sunayensu: Daneri, fari tas mai dogayen ƙahoni, da Ɓaleri, baƙi. Yaya ne ya hore su tun suna 'yan maruƙa, shi ya huda musu hanci da hannunsa ya zura igiyar da ake juya su da ita. Wanda bai san noma da shanu ba yana zaton kowane sa ka kama ka ɗora masa karkiya shi ke nan. Ba haka ba ne. Daneri a dama yake tafiya, cikin kwarin kunya, shi ke riƙe layi. Ɓaleri ƙarfi gare shi, amma ba kai. In babu Daneri, sai ya kai ka gonar maƙwabci da garma da komai.

Yaya yana da ɗa, Sanusi, wanda ke karatu a jami'ar da ke Kalgo. Shi ne na farko a gidanmu da ya kai can, saboda haka in ya yi tari ma sai uban ya ce tarin ilimi ne. Wata Juma'a sai ga shi da motar akori-kura. Ya durƙusa ya gaida ubansa, ya ce malamansu za su yi baje kolin dabbobin noma, ana neman sa mai kyan gani na kwana biyu, shi kuwa ya gaya musu duk ƙasar Gwandu babu kamar Daneri.

Na ce, "Yaya, ga hadari ya hwara haɗuwa gabas. Kuma yaron ga ba noma shika karantawa ba."

Ya ce, "Bar shi, Umaru. Sha'anin makaranta na, ba mu san shi ba."

Da kansa ya wanke Daneri, duk da ciwon gwiwar da ke hana shi sunkuyo. Ya sa aka ɗora buhun dusa da damin harawa a motar, ya yi ta jaddada wa yaron safe da yamma, safe da yamma, kada a bar shi da ƙishi.

Kwana biyun suka cika ba sa ba labari. A daren ruwa ya sauka, irin wanda ake jira, ƙasa ta jiƙu har ƙasa. Gari ya waye kowa ya fita da shanunsa. Muka kira Sanusi, waya a kashe. Muka aro san wani maƙwabci muka haɗa da Ɓaleri, bai yi taku uku ba ya kai wa baƙon suka, sannan ya kwanta a tsakiyar gona ya ƙi tashi. Ina dawowa gida sai 'yar maƙwabcin nan ta tare ni a zaure ta nuna mini wayarta. Hoton Sanusi ne da baƙin tabarau, sarƙoƙi har cibiya, ya ɗora gwiwar hannu a tozon Daneri. A ƙasa an rubuta Ardo Ayis, sabon bidiyo na nan tafe. Ban nuna wa Yaya ba. Na ce masa za ni in taho da sa, na ɗauki sandata na nufi tasha.

Motar Birnin Kebbi ƙarama ce, an cusa mu kamar albasa a buhu. Kusa da ni wata Hajiya ce mai sana'ar busasshen kifi, 'yar Kalgo, za ta koma gida. Ta ga ina ta tsaki ni kaɗai, ta ce, "Malam, lahiya? Ko an yi rasuwa?" Na ba ta labari a taƙaice na nuna mata hoton, wanda na sa yarinyar ta turo mini.

Ta riƙe haɓa. "Ai mun san su! Su ka zuwa wurina da yamma. Sarƙa awa ta ɗaure kare, turare ya cika rumhwa, amma kan kihi suka saye. Kai kaɗai hwa, ban da jiki. In ka ce su ƙara da wutsiya sai su ce suna rage ƙiba."

Duk motar aka yi dariya, ban da ni. Ta taga ina kallon gonakin mutane, kowace da shanu biyu a gaba, mutum a baya, ƙasa na juyewa baƙa wuluk. Irin damshin nan ba ya jiran kowa. In rana ta buga shi kwana kaɗan, garma ba ta shiga sai an sake wani ruwan, shi kuwa ba wanda ya yi maka alkawarinsa.

Kafin mu kai Birni direba ya kauce wa wani rami ya faɗa cikin taɓo. Maza muka fito turi. Motar na fita ta watso mini laka tun daga hula har takalmi, farar rigar da na sa don kada in kunyata yaron a gaban malamansa ta koma kalar tukunya. Direban ko sannu bai ce ba, sai cewa ya yi in shimfiɗa leda kada in ɓata masa kujera. Na gaya masa abin da na gaya masa, Hajiya ta yi ta ba ni haƙuri har muka sauka.

Daga Birni na hau kabu-kabu zuwa Kalgo. A ƙofar jami'a masu gadi suka karɓe ni da mutunci, gaskiya. Na ce ina neman wurin baje kolin dabbobi. Suka dubi juna. Babbansu ya ce shi dai tun da ya kama aiki bai ga an shigo da sa ta ƙofar nan ba. Na ce to Sanusi Bello fa? Ya ce masu wannan suna suna da yawa. Na fito da hoton. Wani ɗalibi da ke wucewa ya leƙo ya ce, "Kai, Ardo Ayis! Baba, ka san shi ne?" Sunan da aka raɗa da rago ba wanda ya sani, na banza kuwa har mai wucewa. Shi ya kwatanta mini gidan hayarsu a cikin gari.

Ban sami Sanusi a ɗakin ba. Wanda na samu wani siririn yaro ne da suke zama tare, ya ce sunansa Usman amma Manaja ake kiransa, don shi ke kula da harkar waƙar Ardo. Da ya ji ni ƙanin uban Sanusi ne sai ya fara rawar jiki, Baffa kaza, Baffa kaza. Na ce ina sa? Ya ce yana wurin da za a yi ɗauka, an kulle wurin, sai gobe da safe. Na ce kai ni yanzu. Ya rantse mai gidan ya tafi da makulli, ko an je ba shiga, amma da safe shi da kansa zai kai ni. La'asar ta riga ta wuce, ban san garin ba, dole na zauna.

Ɗakin nan abin kallo ne. Katifa ɗaya a ƙasa duk ta lotsa, tukunya a kife ba alamar an dafa komai cikin makon. Amma takalma a jere cikin kwalayensu kamar kanti, farare ƙal, an ce ba a taka ƙasa da su sai ranar hoto. A jikin bango ƙusoshi ne, kowace da sarƙa a rataye. Na tsaya ina kallo, Manaja ya ɗauka sha'awa nake yi, ya shiga ba ni karatu.

Ya ce duk abin da ke walƙiya a jiki sunansa bilin-bilin. In da duwatsu farare a jiki, shi ne ayis, wato ƙanƙara, don wai sanyinsa da ƙyallinsa. In mutum ya haɗa riga da takalmi da agogo suka dace, an ce yana da dirif. In ya fita yana nuna wa mutane don ransu ya ɓaci, wannan fileks ke nan. Na ce to mu a gida sunan wannan duka ɗaya ne, fariya. Na ɗauki sarƙa ɗaya, ba ta kai nauyin igiyar akuya ba, inda ta gogi wuya har ta yi kore.

Na ce masa mu inda muka fito, mai shanu ba ya faɗin yawan shanunsa ko ɗansa ne ya tambaya. Mace in tana da zinariya tana can ƙasan akwati cikin tsumma, sai ranar biki. Mutumin da ya fi kowa hatsi a unguwarmu da takalmin roba yake yawo. Su kuma ga su, ba su da shi, suna shelar suna da shi.

Sai yaron nan ya zaro wani abu daga aljihu ya kafa a haƙoransa, ya yi mini murmushi, baki duk rawaya. Wai sunansa giril. Na ce a'uzubillahi. Ya cire ya ce, "Baffa, tsakani da Allah, haƙorin Makka fa? Alhazanku in sun dawo ba dariya suke ta yi ba gaira ba dalili don a gani? Ai su suka fara." Ina da amsa, amma ba ta zo ba a lokacin, kuma hakan ya ƙara mini haushi.

Abinci kuwa, ya fita ya dawo da wani abu a naɗe cikin takarda, wai shawarma, don ya girmama ni. Gurasa ce marar gishiri aka cusa mata kabeji da wani farin mai mai zaƙi, naman sai ka yi bincike. Na ci don yunwa. Ina nema inda zan zauna in ci ne na lura da abin da Manaja ya jawo mini a matsayin kujera. Buhun dusarmu ne, da ɗinkin Yaya a bakinsa, ba a ko kwance ba. Harawar na bayan ƙofa an jingina takalma a kai.

Na ce, "Kai! To mi san shika ci?"

Ya ce, "Baffa kada ka damu, wurin akwai ciyawa ko'ina, koriya shar."

Na kwana a tabarma, sauro na Kalgo suka yi bikinsu a kaina. Da safe na sa Manaja ya ɗauki harawar a ka, muka tafi.

Wurin wani gidan biki ne a bakin gari, da doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Ni na taɓa ƙetare iyaka ta Kamba na shiga Nijar sayen rago, ba a tsare ni kamar yadda aka tsare ni a ƙofar nan ba. Wani ƙato ne a tsaye, baƙar riga ta ɗame shi. Manaja ya ajiye harawa ya sulale ciki, wai zai yi magana. Ƙaton ya dube ni daga hula zuwa takalmin roba, ya dubi busasshiyar lakar da ke rigata, ya ce ba a bara a nan. Na ce uban wa ke bara? San gidanmu ke ciki. Ya ce sunana ba ya cikin waɗanda aka gayyata, kuma ba a shiga da makami. Sandar kiwo ce makami! Muna cikin haka, muryata ta tashi, sai wani mai gajeren wando da hula a juye ya leƙo. Shi ne Darakta, mai ɗaukar bidiyon. Ya kalle ni ya tafa hannu.

"Wannan ai orijinal ne! Wa ya kawo shi? Bar shi ya shigo, da sandar, da lakar, kada a goge komai."

Haka na sami izinin shiga, a matsayin kayan ado.

Abin da na fara takawa shi ne ciyawar da Manaja ya faɗa. Ta roba ce. Shimfiɗa ce kamar darduma, an manna ta a kan siminti. Na sunkuya na taɓa don in tabbatar.

A tsakiyar fili ga wata baƙar mota mai tsawo, mai ita na gefe yana ta goge inda aka taɓa, ashe haya aka yi. A ƙarƙashin rumfa wani mutum mai tumbi ya rungume akwati a cinya, shi ne mai sarƙoƙin manya, haya yake bayarwa, idonsa na bin kowane wuya. 'Yan matan da ake ta tambayata suna zaune a inuwa sun gaji, ɗaya ma takardar karatunta take dubawa. Agogon aro, takalmin aro, motar aro. Duk gidan nan abu ɗaya ne na gaske mai daraja, kuma shi ne aka bari da yunwa.

Da ƙyar na gane Daneri. An shafe ƙahoninsa da fenti ruwan zinariya. An zuba masa sarƙoƙi a wuya don su rufe kantar karkiya, wai Darakta ya ce kantar tana nuna talauci. Cikinsa ya faɗa, bakinsa ya bushe. Sai idona ya kai hancinsa. Sun yanke igiyar Yaya, wai ta yi datti. A ramin sun zura wani ƙaton zobe na ƙarfe mai ƙyalli, da wani faifai mai nauyi yana reto a ƙasa. Daga zoben sarƙar ƙarfe ta tafi har gaban motar, an kewaya ta an datse da kwaɗo.

Ko yaron da ya fara bin shanu jiya ya san ba a ɗaure sa da hanci. Igiyar hanci ta juyawa ce, ka ɗan ja ya san dama, ka ɗan saki ya san hagu. In ɗauri ne, a ƙaho ake yi ko a ƙafa. Kuma Sanusi ya san wannan. A gidan ya tashi, shi ke riƙe igiyar nan yana ƙarami uban na bin garma.

Yana tsaye a jikin motar cikin wata jar riga mai gashi, a wannan zafi. Da ya gan ni sai ya cire tabarau.

"Baffa..."

"Kwance shi."

"Baffa don Allah, saura ɗauka ɗaya. Wallahi yau za ni maido shi, na riga na yi magana da mai mota."

"An yi ruwa, Sanusi. Ubanka na zaune bakin gona yana kallon hanya. Kwance shi, in ba haka ba in kwance ka."

Ya juya wurin mai tumbi ya nemi makulli. Mutumin ya ce shi ba ya buɗe kwaɗo sai an gama, don in aka cire zobe aka mayar sau biyu fentinsa na gogewa. Darakta ya ce minti biyu kawai, Baba, ka tsaya nan bayan Ardo ka ɗaure fuska kamar yadda kake. A nan ne na ɗaga sanda na nufi mai akwatin. Wannan shi ne wurin da kuke ta kallo kuna dariya. Ban san na'urarsu na aiki ba. Ashe Darakta ya riga ya yi musu alama.

Kiɗa ya tashi kamar aradu daga manyan lasifikoki. Wani ya kunna abin da ke fitar da hayaƙi. Sannan wani ɗan ƙaramin jirgi mai ɗaukar hoto, mai ƙugi kamar gungun zuma, ya sauko daga sama daidai fuskar Daneri. San da bai taɓa jin abin da ya fi kukan jaki ba. Na ga idonsa ya juye fari, ya fara ja da baya, sarƙa ta miƙe.

Na yar da sanda na kira shi yadda Yaya ke kiransa in ya firgita, a hankali, "Hoo, Daneri. Hoo." So nake ya tsaya. Shi kuwa ya ji muryar gida a cikin wannan hauka, ya juyo da dukan ƙarfinsa ya nufo ni.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an yaga tsohon zane. Zoben ya faɗi a kan ciyawar roba. Daneri ya iso gabana ya tsaya yana rawar jiki, hancinsa ya rabe biyu, jini na zuba a kan takalmina.

Aka kashe kiɗa. Mutum na farko da ya motsa shi ne mai tumbi. Ya ruga ya tsince zobensa daga cikin jini, ya goge da hankici, ya ɗaga shi sama yana duba ko ya lanƙwashe. Wallahi da sandata na hannuna a lokacin, da yanzu daga gidan yari nake rubuta wannan.

Sanusi ya tuɓe jar rigar ya danna a hancin san, yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa sannu Daneri, sannu. Sarƙoƙin wuyansa suna ta shiga cikin jinin. Na ture shi na karɓi rigar. Na ce a kawo ruwa. Bokiti uku ya shanye, da hancin a haka. Na sa aka shigo da harawar daga ƙofa, ya kai baki, zafi ya hana shi ci.

An samo mana wani likitan dabbobi a cikin gari, mutumin kirki. Ya wanke ciwon ya yi allura, ya ce zai warke, amma naman da ke riƙe igiya ya tafi, ba abin da za a ɗinka a kai. Na riga na sani, so nake dai wani ya ce ba haka ba ne.

Muka ɗaure shi a ƙaho muka hau da shi akori-kura. Sanusi ya taimaka har aka rufe bayan motar, sannan ya tsaya a ƙasa.

"Baffa, mi za ni ce ma Baba?"

"Hawo ka hwaɗa mai da bakinka."

Ya kama ƙarfen motar, ya sa ƙafa ɗaya, ya sauke. Muka tafi muka bar shi a tsaye ba riga.

A hanya masu shinge suka tsayar da mu. Ban ga laifinsu ba: ga mutum duk laka da jini, ga sa da yagaggen hanci, a lokacin da satar shanu ta yi yawa. Suka ce in ba da shaidar nawa ne. Na ce ku dubi ƙahon nan, wane ɓarawo ne zai tsaya ya yi wa sa fenti? Ɗaya ya kewaya ya duba, ya kira 'yan'uwansa, suka yi ta dariya suna ɗaukar hoto. Sai da na kira mai unguwarmu a waya ya yi musu bayani suka sake mu.

Yaya na zaune a ƙofar gida da muka iso. Ya tashi da sandarsa ya zo ya tsaya gaban Daneri. Bai yi salati da ƙarfi ba, bai tambayi ina Sanusi ba. Ya shafa wuyan san, ya kankare fentin ƙaho da farce, bai fita ba. Can ya ce, "Sun dai ba shi abinci?"

Na ce, "Sun ba shi, Yaya. Safe da yamma." Na ga abin da ke gabansa ya ishe shi, ban ga amfanin ƙara masa ba.

Gonar da hannu muka yi ta. Sai da maƙwabta suka gama nasu sannan suka zo mana gayya, Allah ya saka musu, amma damshin farko ya riga ya wuce. Geronmu bana a kafaɗa ya tsaya, na mutane ya wuce kai. Hancin Daneri ya warke a rabe. Muka gwada juya shi da igiya a ƙaho, bai san me ake nufi ba, ga shi ko babur ya ji sai ya zabura ya ja Ɓaleri cikin shuka. Ba mu da halin ciyar da san da ba ya aiki. Ni na kai shi kasuwa, Yaya ya ce gwiwarsa ta tashi. Mahautan da suka saye shi suna ta barkwanci a kan ƙahon zinariya, ɗaya ya ce zai rataye shi a rumfarsa.

Sanusi bai zo gida ba har yau. Yana aiko da gaisuwa ta bakin uwarsa. Bidiyon kuwa Darakta ya sake shi, an yanke jinin, an bar ni da sandata, an ce mutane da yawa sun kalla. Na ji har ana cewa ni na ƙawata shi.

Na yi iya ƙoƙarina kada Yaya ya gani, amma a garin nan ba a ɓoye komai. Shekaranjiya bayan la'asar muna zaune a gindin bango, Ɓaleri na ɗaure shi kaɗai a turke, sai ya ce, "Umaru, an ce yana cikin wayarka. Nuna mani."

Na ce ba abin kallo ba ne. Ya miƙo hannu bai sauke ba. Na kunna na ba shi.

Ya ce, "Kashe muryar."

Na kashe. Ya kalli motar, ya kalli 'yan matan, ya kalli ɗansa na nuna sarƙa yana buɗe haƙoran rawaya, fuskarsa ba ta motsa ba. Da aka zo inda Daneri ke tsaye shi kaɗai, fari tas, hayaƙi na kewaye shi, ya ce in tsayar. Na tsayar. Ya kawo wayar kusa da idonsa ya daɗe yana kallo. Na zaci ƙahon yake duba, ko zoben.

Ya sa babban yatsa a kan cikin san, daidai inda ya faɗa a bayan haƙarƙari.

"Umaru," ya ce, "ka ce mani sun ba shi abinci."

Bai jira amsa ba. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Mai da shi baya. Wurin da shika tsaye."